Hanyar Wuta ta Bayan Rumbuna

Ni na raɗa wa hanyar nan suna, kuma ni na sha wahalar sunan. Ban taɓa ɗora wa kowa laifin ba, ko da yake akwai wanda ya taya ni ɓata lamarin, kuma zan ambace shi in an zo wurin.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Alela. Shekarar da nake magana, damina ce ta biyu bayan babban farin nan na tsakiyar shekarun tamanin. Ruwa ya sauka sosai, gero ya yi, wake ya yi, ciyawa a daji ta kai ƙirjin mutum. Mu da muka yi shekara biyu muna cin garin rogo da ganye, in mun wuce ta wajen rumbuna sai mu rage sauri don mu ƙara kallonsu. Rumbunan gari duka a gabas suke, a jere bayan gidaje, kowane da hularsa ta ciyawa. Uku daga ciki namu ne. Mahaifina ya rasu cikin farin, saboda haka gandu ɗaya muke da baffana, yayan mahaifin nawa. Abin da ke cikin rumbunan nan uku shi ne abincin gidansa da na gidanmu, da mahaifiyata da matata da 'ya'yana biyu, har wata kakar. Ba mu da wani abu a wani wuri.

Ana gama ɗaurin dammuna sai ga ma'aikacin gandun daji ya zo daga Konni a kan babur, da kakinsa da takarda daga buro, wato ofishinsu. Bazabarme ne, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin goro ba. Mai gari ya tara mutane a gindin tsamiya, aka ce a nemo mai fassara. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, a Konni har aji shida kafin in faɗi jarrabawa in dawo gona, kuma Faransancin bai gudu duka ba. Na miƙe tun ba a gama kiran sunana ba.

Bayanin mutumin a fili yake. Ya ce bana ciyawa ta yi yawa, in ta bushe gobarar daji za ta yi ɓarna, don haka doka ta ce kowane gari ya share wani zirin fili tsakaninsa da daji. Ya ɗauki tsinke ya zana gari a ƙasa, ya ja layi ya lanƙwasa ta gabas, inda iska ke fitowa da rani. Faɗin filin taku goma sha biyu. A share shi har ƙasa ta fito tsirara. A kafa turaku gefe da gefe a shafa musu farar ƙasa don kowa ya ga iyaka. Ba a ajiye kara a kai, ba a kafa rumfa, kuma kowace shekara a sake sharewa kafin ciyawa ta bushe. Ya ce zai dawo ya duba, sannan ya rubuta cewa garinmu ya cika doka. Sunan abin da Faransanci, in ji shi, parfe.

Na gane abin da yake nufi sarai. Abin da ban sani ba shi ne sunansa da Hausa. Da na yi hankali da sai in ce shara ce irin ta gindin rumbu, wadda kowa ya gada, sai dai wannan ta fi faɗi. Amma mutane sun zuba mini ido, surukina yana zaune a gaba, kuma ban so a ga ɗan lakwal yana in'ina. Na san ƙarshen kalmar wuta yake nufi, na dubi zanen na ga ya yi kama da hanya. Sai na ɗaga murya na ce gwamnati ta ce a yi hanyar wuta.

Akwai wani maƙwabcinmu direba, mai jigilar mutane tsakanin Konni da kan iyaka a wata tsohuwar fijo. Shi ne mutumin da ya fi kowa yawo a garin, don haka maganarsa tana da nauyi. Ya yi tsalle ya miƙe.

"Wuta za a kawo muna? Awa ta Konni?" ya ce. "Ai haka aka yi! Sai an share hanya, kana a kahwa turakun waya. Ni na gani da idona."

Wuri ya kaure da murna. Matasa suka fara maganar ruwan sanyi da rediyo marar batir. Na ji, na kuma yi shiru. Wannan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko kuskure ne, wannan kuwa da gangan na yi. Na lura cewa mutanen da za su yi ta jan ƙafa in an ce musu gobara, ga su suna tambayar yaushe za a fara. Na ce a raina bari a gama aikin tukuna, bayani ya biyo baya. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Baffana ya naɗe tasbaharsa, ya dafa sandarsa, ya tashi ya tafi tun ba a watse ba.

Mai gari ya damƙa mini aikin, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. Na sami doguwar igiyar guga na ƙulla ta daidai taku goma sha biyu. Mutum biyu su ja ta, na uku ya bi da turaku na geza yana kafawa, ni ina baya ina hango layi da ido ɗaya, ina cewa a matsa hagu ko dama. Farar ƙasa muka jiƙa a ƙwarya muna shafawa da tsumma. Bayan masu turaku sai masu hauya, bayan su sai jakai biyu suna jan rassan ƙaya suna tattare ciyawar da aka sare. Abin da aka tara mukan ƙone shi da sassafe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba kuma iska ba ta tashi ba, mutane na tsaye da ɗanyen reshe. Muka faro daga hanyar rijiya ta arewa, muka nufi kudu inda layin zai ƙare a bakin maƙabarta. Direban nan ya ajiye motarsa kwana biyu yana sara, yana nuna wa mutane inda za a kafa turken waya na farko.

Rana ta huɗu muka iso wutsiyar gonar baffana. Layin ya ratsa ta tsawon taku arba'in, daidai bayan rumbunanmu, kuma bayan rumbunan sai ƙofar bayan gidansa. Karan gero na tsaye a wurin, ga busasshiyar ciyawa ta cika tsakanin kunya. Muka tarar da shi zaune a kan buzu a tsakiyar layin. Na sallami mutane suka ja baya, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, mi kac ce sunan abin ga?"

"Hanyaw wuta, Baba. Amma ba wai..."

"Daga ina tat taso?"

"Daga hanyar rijiya."

"Ina ta nuhwa?"

"Bakin maƙabarta."

"Ta bayan gidana ke nan za ta bi." Ya dube ni ya daɗe. "Ni yanzu tahiya guda tar rage min, kuma ka san inda za ni. Ranar da anka ɗauke ni, hanyar da tah hi kusa za a bi. Kana so a ce an bi da ubanka ta hanyaw wuta?"

Na yi dariya, kuma bai kamata in yi ba. Na ce masa suna ne kawai, magana ce ta fatar baki, ni na ƙirƙiro ta a gindin tsamiya.

"Da magana anka ɗaura maka aure," in ji shi. "Ita ma ta hwatar baki ta?"

Raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin hawa, kuma ranar na hau. Na ce masa geron da zai ƙone ba na gwamnati ba ne, nasa ne, nawa ne, na jikokinsa ne. Na tuna masa yadda muka binne mahaifina da cikinmu babu komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ne mai tsaron rumbu, ya juya mini ƙeya. Na je wurin mai gari, ya ce shi ba zai ta da tsoho daga gonarsa ba. Na je wurin liman, ya ce wutar lahira ba ta da hanya a bayan rumbun kowa, amma in zuciyar tsoho ba ta natsu ba a ƙyale shi. Haka muka tsallake gonar, muka ci gaba daga ɗaya gefen har maƙabarta. Aiki ya yi kyau, fararen turaku a jere, sai giɓi ɗaya na taku arba'in, kuma giɓin yana kallon rumbunanmu.

Bayan mako biyu ma'aikacin ya dawo. Ya bi layin a ƙafa yana ƙirga faɗi nan da can, yana gyaɗa kai, har ya zo giɓin ya tsaya. Ya ce mini guga mai huda ɗaya ba ya kawo ruwa bakin rijiya, kuma ba zai rubuta komai ba sai an toshe. Ina cikin neman yadda zan yi masa bayanin baffana, sai direban ya matso da fara'arsa, ya haɗa ɗan Faransancinsa na tasha ya tambayi yaushe turakun waya za su iso. Ma'aikacin ya dube shi, ya dube ni, ya ce wace waya?

Ba sai na ba da labarin abin da ya biyo baya ba. Kafin la'asar gari duka ya san ba lantarki. Direban ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, ko da yake shi ya fara kawo zancen. Aka laƙaba mini suna Mai Lantarki, har yara in na wuce sai su ce in kunna musu. Wannan bai dame ni ba sosai, na ci abin da na shuka ne. Abin da ya dame ni shi ne mutane sun janye hannunsu daga aikin, suka kuma gano cewa ga fili mai tsabta ya samu a banza.

Mata suka mai da shi wurin sussuka, su tashi su bar ƙaiƙayi tuli. Masu amalanke suka ga ya fi sauƙi su sauke kara a nan su kwashe gobe, goben da ba ta zuwa. Wani ma ya fara kafa rumfar awakinsa a kai. Kowace safiya in na idar da salla sai in ɗauki manjagara in bi layin daga rijiya har maƙabarta, ina kwashewa, ina ta da turakun da jakai suka ture, ina faɗa da duk wanda na tarar. Na yi faɗa da mutanen da suka girme ni, na yi da abokan wasana. Wata rana na iske zana shimfiɗe da kuɓewa tana shanya a tsakiyar layin, na naɗe ta na jefar gefe ina ta masifa, sai da na dawo gida na gane ta matata ce. Kwana biyu ina cin tuwo da miyar da gishirinta ya yi tafiya. Amma ban fasa ba, kuma a hankali mutane suka gaji da bakina suka fara sauke kayansu bayan turaku.

Duk wannan ban da giɓin. Ciyawa ta bushe ƙarau. Da rana in ka dubi gabas sai ka hango hayaƙi can nesa, inda masu farautar gafiya suke cinna wa daji wuta. Kullum in na zo gonar baffana sai in ƙirga takun nan arba'in, kamar ƙirgawa za ta rage su. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Na koma wurinsa na ce na canza sunan, yanzu katangar wuta ake cewa. Ya ce in je in faɗa wa yaran gari, don su har waƙa sun yi da tsohon sunan.

Mahaifiyata ce ta warware mini. Tana tsinkar zogale ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"Kai dai ba ka da wayo sai baki. Ba gonatai shika tsaro ba, ranar mutuwatai shika tsaro. Bar ce mishi hanya. Shi manomi na, yi mishi maganar gona."

Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na san abin yi. Na je na gaishe shi, ban ambaci layi ba, ban ambaci gwamnati ba. Na ce darnin gidanmu ya zube, ina roƙon karan wutsiyar gonarsa. Ya ce in ɗiba. Na sare karan nan kaf har gindi, na kwashe a amalanke. Sauran ciyawa da tushiya kuwa na san masu cin su.

A wajenmu in an gama kaka, Fulani sukan sauka da shanu a gonaki. Shanu su ci abin da ya rage su bar taki, mai gona ya ba makiyayi 'yan dammunan gero. Akwai wani Bafillace abokin mahaifina da ke sauka wajenmu kowace shekara. Na nemo shi, na ce wa baffana ƙasar wutsiyar gona ta gaji tana son taki, ya ce gaskiya ne. Sai na ja makiyayin gefe na nuna masa inda zai kafa dangwali, wato igiyar da ake ɗaure maruƙa. Duk inda maruƙa suke, nan iyayen suke taruwa su kwanta. Na ce bayan kowane kwana biyu ya matsar da igiyar gaba kaɗan, a miƙe, kada ya karkace. Ya dubi fararen turakun da suka tsaya a gefen arewa, ya dubi waɗanda suka ci gaba a gefen kudu, ya yi murmushi.

Kwana goma shanun nan suka yi. Abin da ba su ci ba suka tattake shi ya zama gari. Ni kuma ina bin su da kwando ina kwashe kashin ina zubawa cikin gona ta yamma, don busasshen kashin shanu yana riƙe garwashi. Rana ta ƙarshe baffana ya fito da sandarsa ya tsaya yana kallon wurin. Ƙasa ta fito tsirara daga turke na ƙarshe na arewa har na farko na kudu.

"Shanun ga sun iya layi," ya ce.

"Nan ƙasa tah hi gajiya, Baba."

"Haka na. Ta gaji da hwaɗin taku goma sha biyu daidai."

Ya juya ya koma gida. Ban kafa turke ko ɗaya ba, shi kuma bai ce in mai da kara ba. A wurinsa gona ce da shanu suka kwana, a wurina giɓi ya toshe, kuma kowannenmu ya san abin da ɗayan ya sani.

Wutar ta zo ranar kasuwar Bazaga, bayan azahar, lokacin da rabin mazan gari ba su nan. Shirwa muka fara gani suna shawagi a kan hayaƙi, sannan muka ji ƙarar, wata irin ƙara kamar ana yayyaga sabon yadi. Iska tana turo ta daga gabas kai tsaye. Zomaye da gafiyoyi suka riƙa ratsa layin a guje, ba wanda ya kula su. Na bi gida gida ina ihu, maza da mata suka fito, muka karyo rassan sabara masu ɗanyen ganye, na jera mutane a bayan turaku. Na ce kada kowa ya shiga ciyawa, a tsaya a gefenmu, abin da ya tsallako shi za a kashe. Ranar ba wanda ya ce mini Mai Lantarki.

Ni na tsaya a wutsiyar gonar, don nan ciyawar ƙetare ta fi kauri kuma nan rumbunanmu suke. Da na waiwaya sai na ga baffana tsaye a bakin filin, dafe da sanda. Na ce ya koma gida. Ko motsi bai yi ba.

Wutar ta iso da tsawo fiye da mutum. Zafin ya sa muka kare fuskokinmu da hannu. Tartsatsi ya riƙa tashi yana faɗowa gefenmu muna bugewa. Wani guntun ciyawa mai ci ya tashi sama ya sauka a kan hular rumbunmu na tsakiya, na ga hayaƙi ya fara fita. Kafin in kai, direban nan ya riga ya ɗare rumbun, ya fizge wurin da hannunsa ya jefo ƙasa, mata suka tattake. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya yi mako bai riƙe sitiyari ba. Duk abin da na faɗa a kansa a baya, wannan ma a rubuta masa.

Ita kuwa uwar wutar, da ta zo bakin ƙasar da shanu suka tattake, sai ta tsaya. Ta yi ta miƙo harshe tana neman abin kamawa, ba ta samu ba. Ta rage tsawo, ta koma gwiwa, ta koma idon sawu, ta bar baƙin toka yana hayaƙi. Haka ta yi tun daga hanyar rijiya har maƙabarta. Ba a yi rabin sa'a ba aka gama. Na zauna a ƙasa, na dubi rumbunan nan uku suna tsaye, sai hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Baffana ya taka a hankali ya ratsa filin har ɗaya gefen. Ya sa sandarsa ya tona tokar, daidai inda baƙi ya ƙare fari ya fara. Ya daɗe a wurin. Sannan ya kira ni da hannu.

"Kai da lakwal ɗinka," ya ce. "Hanya ai wucewa aka yi bisanta. Ka ga ta wuce?"

"Ba ta wuce ba, Baba."

"Nan tam mutu. Nan anka rufe ta. Wagga ba hanyaw wuta ba ta, kushewaw wuta ta." Ya share gumi da hannun riga. "Ina turakun naka masu hwarar ƙasa? Kahwa su."

Na kafa su a ranar, tun toka ba ta huce ba. Da ma'aikacin gandun daji ya dawo ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya ƙirga faɗin wutsiyar gonar sau biyu, ya zaro alƙalami ya rubuta. Ya ji mutane suna ambaton sabon sunan, ya tambaye ni ma'anarsa. Na buɗe baki zan juya masa da Faransanci, sai na tuna inda gaggawa ta kai ni, na ce masa parfe ke nan da Hausa.

Sunan bai kama rana ɗaya ba. Yara sun yi shekara suna cakuɗa shi da tsohon sunan, amma duk wanda ya yi kuskure a gaban baffana sai ya sha kallo. Daga baya ma ba na bukatar manjagara da masifa kamar da. Ana gama kaka mutane suke fitowa da hauya, a sake shafa wa turaku farar ƙasa, a maye waɗanda gara ta ci. Shi kuwa tsohon, kowace shekara shi ke fara tambaya ko an sa ranar shara, ya sa a kai masa buzu gindin aduwa yana kallo, yana gyara wa mutane layi da bakin sanda kamar shi ya ƙirƙiro aikin.

Ya yi shekaru bayan nan, har cikin shekarun casa'in. Ciwon ajalinsa ya same shi da kaka, kwana kaɗan bayan mun gama sharar shekarar. Na shiga gaishe shi da hantsi, ya riga ya rame, murya ta yi ƙasa. Ya ce in matso.

"An share ta?"

"An share, Baba."

"Har bakin maƙabarta?"

"Har can."

"To, kak ku wahal da mutane da zagaye."

Kwana uku bayan haka ya cika, da safe. Aka yi masa wanka da sutura, aka yi salla. Hanya biyu ce zuwa maƙabarta daga gidansa: tsohuwar da ke zagayawa ta cikin gari tsakanin gidaje, da kuma wadda ke bayan rumbuna. Da muka ɗaga makara, ni ina riƙe da gaba ta dama, sai na ji sauran sun tsaya. Ba wanda ya manta maganar da ya yi a kan buzu. Suka dube ni. Na juya kafaɗata wajen ƙofar baya, suka biyo ni.

Muka wuce rumbunan nan uku, cike suke. A bayana na ji wani baƙo da ya zo daga Konni yana tambaya a hankali wace hanya ce wannan mai fararen turaku, na kuma ji direban ya amsa masa da sunan da tsohon ya raɗa, ko tuntuɓe bai yi ba. Da muka shiga wutsiyar gonar sai na sami kaina ina ƙirga taku kamar yadda na saba, ga nauyinsa a kafaɗata. Arba'in ne, kuma ko tsinke ɗaya babu a kai.